Yadda Ake Duba Sabon Keke Napep Da Babur Kafin A Biya Kuɗi

Da zarar an sare rake a Makarfi, an kwashe tumatir da barkono a fadamun Ikara, masara kuma ta shiga buhu a Hunkuyi da Likoro, sai kuɗi ya ɗan zauna a hannun manomi. A irin wannan lokaci ne matasa da iyayensu ke ɗunguma zuwa Sabon Garin Zariya ko Kano don sayen sabon babur ko keke napep. Wani gonar gado ya jinginar, wani shanun huɗa ya sayar, wani kuwa yarjejeniya ya ƙulla da mai kuɗi zai riƙa kai balas har ya biya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin keke ya shiga miliyoyi. Amma har yanzu za ka ga mutum ya ƙirga wannan dukiya ya miƙa, bai duba komai ba sai launin fenti da ledar da ke kan kujera.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne zaton cewa sabon abu ba ya zuwa da aibi. Yana zuwa da shi. Ko a Amurka, inda ake ƙera motocin nan masu ɗakin kwana da kicin a ciki don yawon shaƙatawa, waɗanda akasarinsu daga yankin Elkhart na jihar Indiyana suke fitowa, masu saye sun daɗe suna kuka da yoyon rufi da wayoyin da aka haɗa a gaggauce. Kukan ya fi yawa bayan shekarar 2021, lokacin da kamfanonin suka fitar da kusan guda 600,000 saboda yawan masu nema. Shi ya sa masu wayo a can ke ɗaukar mai dubawa na kansu, su biya shi, ya bincike motar kafin su sa hannu. In haka ta faru a ƙofar masana'anta, ina ga abin hawan da ya ƙetaro teku daga Indiya ko Sin, ya kwana a tashar jiragen ruwa ta Legas, ya sha jijjiga a bayan tirela har Arewa?

A nawa ganin, yawancin matsalar sabon babur ba daga injin take ba. Injinan Bajaj da TVS da ake gani a hanyoyinmu sun yi suna wajen juriya, kowa ya shaida. Aibin yakan shiga ne tsakanin kwali da hannun mai saye. Babur a kwali yake isowa, ƙafar gaba daban, kai daban, fitilu da batir daban, sai yaran shago su harhaɗa shi a bakin titi, sau da yawa gwargwadon yawan da suka haɗa ake biyansu. Wanda ake biya a kan yawa kuwa sauri zai yi. Keke shi ma a nan ƙasar ake harhaɗa akasarinsa, sannan a lodo shi. Noti ɗaya da ba a ɗaure ba a sandar ƙafar gaba ya isa ya kifar da mutum a kan hanyar Tashar Yari.

Kafin ka bar gida

Nemi bakaniken da ka yarda da shi, wanda aikinsa ke nan kullum, ka biya masa kuɗin mota da na wuninsa ku tafi tare. Kada ka dogara da bakaniken da ke zaune a ƙofar dila, domin abincinsa a wurin dilan yake. Ku ɗauki sifanu, tocila, farin tsumma, ma'aunin iskar taya, da ƙaramar na'urar auna wutar batir in akwai. Ku isa da hantsi. Duba abin hawa da almuru, ana sauri a kama motar komawa Ikara, shi ne mafarin yawancin nadama.

Sannan ka yanke wa kanka hukunci ɗaya tun daga gida: ba za ka biya cikon kuɗi ba sai an gama dubawa. Muddin kuɗin na aljihunka, maganarka na da nauyi. Da ya shiga asusun dila, kai ne mai roƙo.

Lambobi da takardu

Fara da lambar casis da lambar inji. Lambar casis ta zamani haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. A babur tana jikin wuyan ƙarfen da ke riƙe da kai. A keke ka sa dila ya nuna maka inda aka buga ta a jikin ƙarfen gindi. Shafa wurin da yatsa. In ka ji kaushin da ke nuna an goge da dutsen walda, ko ka ga haruffan ba su jeru daidai ba, ko fentin wurin ya bambanta da na kewaye, ka bar wannan ka nemi wani, ko ma ka bar shagon. Karanta lambobin da ƙarfi, bakanikenka yana bin su a takarda harafi bayan harafi. Kuskuren alƙalami ɗaya a rasit zai hana ka yin rajistar lamba a ofishin harajin jihar Kaduna cikin sauƙi, ya kuma jawo maka tambayoyi duk inda jami'an hanya suka tare ka.

Akwai kuma tsohon da aka yi wa wanka aka jera cikin sababbi. Gane shi ba wuya. Zura yatsa cikin bakin salansa: sabon inji da aka tayar sau ɗaya ko biyu ba ya tara baƙin toka mai kauri. Dubi kawunan notuna ko bakin sifana ya cinye gefensu. Dubi robar takawa ta birki ko ta suɗe. Fentin kamfani ba ya fantsama a kan roba da wayoyi. In ka ga ya fantsama, a gareji aka fesa shi.

Dubawa kafin a tayar da inji

Nan ne ya kamata a daɗe. Ajiye keken a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja baya ka tsugunna ka dube shi ta gaba da ta baya. Ya tsaya daidai ko ya karkata? Auna tsayin bodin daga ƙasa a dama da hagu. In bambancin ya fito fili, ko dai shakazoba ɗaya ta raunana, ko ƙarfen gindi ya lanƙwashe lokacin lodi da saukewa. Keken da ya zo a karkace zai riƙa cin taya ɗaya har ranar da za ka rabu da shi.

Shiga ƙarƙashi da tocila ka bi waldar. Walda mai kyau tana tafiya a jere, kauri ɗaya, ba ramuka. Wadda ta yi ɗigo-ɗigo ko aka lulluɓe ta da fenti mai kauri, abin tuhuma ce. Ka fi mai da hankali inda shakazoba ke kama bodi da inda injin ke zaune, domin nan ne hanyoyin karkara irin na Gubuchi da Kurmin Kogi ke fara karyawa. A bayan keke akwai sanduna biyu da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya, kowacce da robar da ke rufe gaɓarta. Matsa robar da hannu. In ta tsage ko ba a ɗaure bakinta ba, ƙura za ta shiga ta haɗu da giris ta cinye gaɓar cikin watanni kaɗan.

Sai notuna. Bakanike ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana: na ƙafafu, na sandar ƙafar gaba, na kai, na mazaunin inji, na salansa, na shakazoba. A masana'anta da sifana mai ma'auni ake ɗaure su, kowane noti da iyakar ƙarfin da aka ƙayyade masa, kuma sau da yawa akan ɗiga fenti a kansa alamar an duba. A bakin titi kuwa da ƙarfin damtse ake yi, wani ya yi sako-sako, wani a matse shi har zaren ya mutu. Dukansu aibi ne. Inda aka huda rami a bakin ƙusa don ƙaramin fil mai hana noti kwancewa, ka tabbata fil ɗin na nan. Na sha ganin an maye gurbinsa da guntun waya ko ƙusar kafinta.

Ɗaga gaban abin hawan ƙafar ta bar ƙasa. Juya kai dama da hagu: ya tafi sumul, ba ya kamewa a tsakiya. Riƙe ƙafar ka girgiza gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya bai ɗauru ba. Wulwula ƙafar ka sa ido a gefen gargaren ko yana rawa. A babur mai sifoka, bi su da sifana kana ɗan bugawa, wanda ya saki za ka ji ƙararsa ta mutu. Kaca kuma ta motsa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. Wadda aka ja ta yi tsam tana kashe boris, wadda ta saki da yawa tana iya zamewa ana cikin gudu.

Taya na da ranar haihuwa a jikinta. Nemi alƙaluma huɗu da aka buga a gefenta cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2324 na nufin mako na 23 a shekarar 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗin cewa taya na tsufa bayan shekara huɗu da ƙera ta, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Abin hawan da ya daɗe a sito zai iya zuwa da tayar da ta ci rabin rayuwarta. Auna iskar kowacce, ka gwada da abin da littafin kamfani ya ce, domin yaran shago da ido suke bugawa.

Zaro sandar bakin mai ka goge a farin tsumma, ka mayar ka sake zarowa. Man ya kai tsakanin alamomi biyun, ya kasance garau. Dubi ƙasan inji da ƙasar da abin hawan ya kwana a kai ko akwai ɗigo. Shinshina kusa da tanki da bututun fetur.

Batir kuwa, in irin wanda ake zuba wa ruwa ne, ƙa'ida ita ce a zuba a bar shi ya huta aƙalla rabin sa'a, a yi masa caji, sannan a ɗaura. Wanda aka zuba wa ruwa aka tayar da inji da shi nan take ba ya yin kwana. Cikakken batir yana nuna kusan 12.6 a na'ura kafin a tayar, in inji na aiki kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, injin ba ya cajinsa. Bi wayoyi da ido: kada wata ta jingina da salansa ko ta gogi kaifin ƙarfe, kada kuma ka ga inda aka murɗa biyu aka naɗe da salatif maimakon mahaɗin kamfani. Gobarar keke daga irin wannan wuri take tashi.

Tayarwa da gwajin hanya

Taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake. Injin da aka riga aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye wahalar tashi. Lafiyayye yana kamawa a bugu ɗaya ko biyu, ya zauna da kansa ba sai an riƙe totur ba. Saurara. Ɗan ƙaramin tik-tik daga saman inji sau da yawa saitin bawul ne, ana gyarawa. Bugu mai nauyi daga ciki kuwa dalili ne na fasa ciniki. Shuɗin hayaƙi na nufin injin na ƙona bakin mai, baƙi na nufin fetur ya yi yawa a kan iska. Gwada fitilar gaba babba da ƙarama, sigina huɗu, fitilar birki, ham, da abin goge gilashi.

Wasu dilolin za su ce ba a hawa sabon kaya kafin a biya. Ka yi magana cikin ladabi: «Alhaji, ba rashin yarda ba ne. Yaronka ya tuƙa, ni da bakanikena mu zauna, zagaye ɗaya kawai, ni zan zuba man.» Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba. A gwajin a shiga giya huɗu duka da ta baya, a ji ko wata na fita da kanta ko tana gurnani. A miƙaƙƙiyar hanya a sassauta riƙon kai a gani ko keken na jan gefe guda. Sannan birki: taka ka riƙe rabin minti. In ƙafarka na nutsewa a hankali, man birki na yoyo. In ya yi laushi, iska ce a bututu. A nemi wuri mai ƙasa a taka da ƙarfi cikin ƙaramin gudu, a sauka a dubi sawun. Tayoyin baya biyu su ja layi tsayi ɗaya. In ɗaya ce kawai ke kamawa, ranar da ka taka birki da lodi keken zai juya da kai.

Duk abin da aka gano, a gyara a gabanka ko a canza maka wani. «Je ka da shi, in ya ba ka matsala ka dawo» magana ce mai daɗi, amma daga Paki zuwa Kano da mataccen keke kuɗin ɗauko shi kaɗai ya isa ya sa ka haƙura. Tun ran gini ran zane.

Abin da hukuma ta tanada, da iyakarsa

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, wadda aka kafa a 1971, tana da tsari biyu. SONCAP na kayan da ake shigowa da su ne, ana tantance su tun kafin su baro ƙasar da aka yi su. MANCAP na waɗanda ake ƙerawa a gida ne, su ne ke ɗauke da tambarin NIS. Akwai kuma hukumar bunƙasa ƙera motoci, NADDC, wadda aka samar a 2014 bayan haɗe hukumomi biyu, ɗaya daga cikinsu cibiyar zayyana motoci ce ta Zariya. Waɗannan tsare-tsare suna da amfani, musamman wajen taya, batir, bakin mai da hular kwano, inda jabu ya yi katutu. Sai dai takardar SON shaida ce a kan samfurin, ba shaida ba ce cewa yaron da ya haɗa naka ya ɗaure notin ƙafar gaba. Dattawan da suka yi aiki a kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, za su gaya maka mota ba ta barin masana'anta sai ta bi ta hannun masu duba na ƙarshe. Wannan mataki ne ya ɓace a cinikin babur na bakin titi, kuma ina ganin lokaci ya yi da ƙungiyoyin 'yan keke da na 'yan acaɓa a Ikara da Makarfi da Kudan za su matsa wa dilolin da suke saye a hannunsu su riƙa ba da takardar dubawa mai sa hannu tare da kowane abin hawa.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da aibi a gyara, a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubuta «ba a mayar da kaya» a ƙasan rasit bai soke wannan haƙƙi ba. Mu kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: duk wanda ya karanta babin ciniki a littafin Risala a zauren malaminsa ya san cewa wanda ya sayi kaya ya tarar da ɓoyayyen aibi yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa, kuma ɓoye aibi haramun ne ga mai sayarwa.

Amma haƙƙi sai da hujja. Rasit ya ƙunshi sunan shagon da adireshinsa, kwanan wata, cikakken sunanka, samfurin abin hawan, lambar casis, lambar inji da kuɗin da ka biya. Karɓi littafin kamfani da katin garanti, a buga masa hatimi a gabanka. Tambayi wata nawa ko kilomita nawa garantin ya ɗauka, me ya ƙunsa, kuma a wane gareji ake zuwa. Galibi ba ya ɗaukar kayan da ke cinyewa da aiki, kamar fatar birki, ƙwan fitila da farantin kuloci. In ta hannun mai kuɗi ka karɓa kana biya sannu-sannu, a rubuta a yarjejeniya, gaban shaidu, wa ke da alhakin bin garanti, da kuma ko balas zai tsaya a kwanakin da keken ke gareji saboda aibin kamfani. Rashin wannan layi ɗaya ya raba zumunci da yawa.

Makonnin farko

Sabon inji yana bukatar lallashi kafin ƙarafunsa su zauna da juna. Kada ka wuce gudun da littafin ya iyakance, kada ka murɗe totur har ƙarshe, kada ka cika lodi. In daga Kano ka tuƙo shi, ka riƙa tsayawa yana hucewa. Juyen bakin mai na farko yakan zo tsakanin kilomita 500 da 1,000 gwargwadon samfuri. A yi shi a garejin da kamfani ya amince da shi, a cike katin, domin tsallake shi na iya kashe garantin. Ka tsaya ka ga man da aka juye. Ɗan ƙyalli kamar gari ba komai ba ne a karon farko, amma gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke ji ƙara ce da za a kai wa dila a ranar. Bayan mako guda a sake bin notuna duka da sifana, domin jijjiga na sassauta su. Da hunturu a riƙa buɗe matatar iska akai-akai: ta soso a wanke a ɗan shafa mata mai, ta takarda kuwa kakkaɓewa ake yi, ruwa lalata ta yake.

Dole kuma a faɗa wa kai gaskiya a kan lodi. Keken fasinja mai injin da bai wuce cc 200 ba an ƙera shi ne don direba da mutum uku. Mu kuwa mukan kai shi wurin mai walda tun makon farko, a ƙara masa ƙarafa a baya da sama, a ɗora damman rake ko kwandunan tumatir, mutum biyar kuma su zauna. Ranar da ƙarfen gindi ya tsage, dila zai nuna waldar da ka ƙara ya ce ba ruwansa, kuma a nan yana da gaskiya. Wanda kayan gona zai riƙa ɗauka, ya sayi keken kaya mai bodi a baya tun farko. In walda ta zama tilas, a cire wayar batir kafin a fara, kuma kada a huda ko a ƙona babban ƙarfen gindi.

In aibi ya bayyana cikin lokacin garanti, kada ka bari bakaniken unguwa ya buɗe injin, ko da ka yarda da hannunsa. Ɗauki hoto da bidiyo a waya, ka rubuta kwanan wata da adadin kilomita, ka kai wa dila da rasit ɗinka, ka bar masa kwafi ka riƙe na asali. In ya yi ta yi maka gobe-jibi, je da shugaban ƙungiyarku, domin dila ba ya son rasa cinikin tasha guda. In hakan bai yi ba, ka shigar da ƙorafi a FCCPC, ana karɓa ta intanet, ka haɗa da kwafin rasit, katin garanti da hotunan da ka ɗauka.